Yawo a bakin ruwa: me za ka saka, me za ka ɗauka?

Mu nan ƙasar Ƙonni ba mu da teku. Mai son ganin teku sai ya yi doguwar tafiya, ya je Kotonu ko Lome ko Ikko. Amma muna da namu bakin ruwa. Akwai baraji na Mozage da na Zango, cikin kwarin Maggiya. Akwai matarar ruwa ta Cerasa, kusa da gari. An gina su ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, don noman rani a fadamar Ƙonni, wadda ta fi hekta 2000. Mutanen Illela kuma sun san tabkin Ɗan Dutsi, wajen Bagaruwa. A shekara ta 2005 aka sa shi cikin wuraren ruwa da duniya ke kiyayewa, saboda yawan tsuntsayensa.

Wata rana za ka so ka je ka ga ruwan, ka sha iska, ko ka raka baƙo. Tafiyar awa ɗaya ce ko biyu, da ƙafa. Sai ka ce: "Ai nan da nan ne, wane shiri kuma?" To, tsaya ka ji.

Ruwan teku yana hawa ya sauka sau biyu a rana. Namu ba haka yake ba. Damina ke cika shi, sannan ya yi ta ja da baya sannu-sannu har bazara. Inda ya janye sai ya bar laka. Samanta ya bushe, ya tsattsage, kamar ƙasa mai ƙarfi. Ƙarƙashinta kuwa ɗanye ne sharaf. Na taɓa zuwa Mozage da ƴan ajinmu. Wani dattijo ya taka irin wurin nan, ƙafarsa ta nutse har gwiwa. Mun jawo shi, amma silifarsa guda tana can har yau. Mun yi dariya, shi ma ya yi. Sai da muka kama hanyar komawa dariya ta ƙare, don duwatsu da ƙaya sun ci mashi ƙafa.

Saboda haka takalmi shi ne farko. Kada ka je da silifa. Saka sau-ciki, ko takalmin ƙwallo, ko na roba mai rufe ƙafa duka. Ya kasance wanda ƙafarka ta saba da shi, don sabon takalmi yana cizo. A bakin ruwanmu akwai jan dutse mai kaifi, akwai ƙarangiya da tsaidau, akwai fasasshen kwalba. Akwai kuma kunama da maciji, cikin ciyawa da ƙarƙashin duwatsu. Riƙe sanda. Da ita za ka taɓa ƙasa kafin ka taka, da ita za ka kaɗa ciyawa. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da ƙarfi. A ɗauke shi a kai likita nan take.

Tufafi ba su da wuya. Dogon wando da riga mai dogon hannu, marasa nauyi, na auduga in akwai. Babbar riga ka bar ta gida, ƙaya za ta yage ta. Ka sa malfa ko rawani. Ke kuma ƴar'uwa, ki ɗaura zane da kyau, ya tsaya bisa idon sawu, kada ya ja laka. In da goyo, ki lulluɓe kan yaron da mayafi mara kauri. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar bakin ruwa ta fi ta cikin gari sanyi, sai a ƙara rigar sanyi da safe. Cikin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. A lokacin nan, ka fita bayan asuba, ka komo kafin hantsi ya yi zafi. Da la'asar ma an iya, amma kada magariba ta iske ka can. Lokacin sauro ke nan.

Yanzu ga babbar magana. Ka ɗauki ruwan sha daga gida. Na san za ka yi mamaki: mutum za shi bakin ruwa, ya ɗauki ruwa? I, ƙwarai. Kowane babba ya riƙe gorar lita 1 da rabi, ruwan famfo ko na rijiya mai tsabta. Ka riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta kama ka ba. Ka cika buta ma, don alwala da wanke hannu.

Ruwan baraji da na tabki ba na sha ba ne. Dabbobi suna shiga, ana wanki, ruwan sama yana kwaso ƙazantar daji ya zuba ciki. Shan shi na kawo zawo da ciwon ciki. Manyanmu sun san kurkunu, wanda ke kwantar da manomi tsakiyar damina. Daga shan ruwan tabki ake samun shi. Alhamdu lillahi, a shekara ta 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida babu sauran kurkunu a Nijar. Amma tsargiya tana nan.

Tsargiya, wato fitsarin jini, ba sai ka sha ruwan ba. Shiga kawai ya isa. Ga yadda take. Mai ciwon ya yi fitsari cikin tabki, ƙwan tsutsa ya fita tare da fitsarin. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴar tsutsa ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwa mai zama cikin ciyawar bakin ruwa. Can take yawaita, sannan ta fito ta yi ta yawo cikin ruwa. Ido ba ya ganin ta. Ka tsoma ƙafa ko hannu, ta huda fata ta shige. Ba za ka ji komi ba, sai dai ɗan ƙaiƙayi. Bayan wata biyu ko uku, sai ka ga jini a ƙarshen fitsari.

Muna yara na yi ta. Aka ce mani alamar zama namiji ce, har ina alfahari. Ba haka ba ne, ciwo ne. Yana shan jinin yaro, ya rame, ya kasa karatu. In ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Mata ma suna kamuwa, wurin wanki da ɗibar ruwa. Maganinsa ƙwaya ce, ana ba da ita gidan likita, wani lokaci har a lakkol ana raba ma yara. Wanda sana'arsa cikin ruwa take, kamar masunci ko mai ban ruwa, ya nemi dogon takalmin roba, ya riƙa zuwa ana duba shi. Kai da ka je yawo, me zai kai ka ciki? Tsaya bisa tudu ka yi kallo. Ka sa ido ga yara, don su ba su ganin ruwa su ƙyale. Babban kanal ma haka: gefensa siminti ne mai santsi, yaro ya faɗa, fita wuya.

Sauran kaya kaɗan ne, ƴar jaka ta ishe su. Dabino ko ƙuliƙuli ko gyaɗa. Salula mai caji, da tocila. Katin shaida, tunda muna kusa da iyaka. Leda guda, ka zuba shararka ka komo da ita, don akuya ko saniya in ta haɗiye leda tana iya mutuwa. Kafin ka fita, gaya ma mutanen gida inda za ka, da lokacin da za ka komo. In ka iske masunta ko masu garka, yi masu sallama, ka tambaye su inda ake bi. Sun fi ka sanin wurin. Kuma kada ka taka ma mutane albasa.

Tambayoyi

1. Don me ba a zuwa bakin ruwa da silifa?
2. Ta ina tsutsar tsargiya ke shiga jikin mutum?
3. Rubuta cikin littafinka sunan tabki ko baraji mafi kusa da garinku. Ƙarƙashinsa, rubuta abu biyar da za ka ɗauka in za ka can.