Keken Kyauta Ma Amana Ne

Ɗana,

 Saƙonka daga Shikago ya iso ni. Ka ce makaranta za ta rufe a tsakiyar Disamba, abokan karatunka duk za su watse gidajensu, kuɗin jirgi zuwa gida kuma ya fi ƙarfin aljihu, shi ne kake tunanin shiga cikin masu aikin sa-kai a shagon keken unguwarku, inda ake gyara kekunan yara don a raba kafin Kirsimeti. Ka je, ban ga abin jira ba. Zaman ɗaki kai kaɗai, a garin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ba ya jawo wa saurayi komai sai yawan tunani da danne-dannen waya. Sai dai tunda ka nemi shawarata, akwai abin da nake so ka riƙe tun kafin hannunka ya taɓa sifana.

Ka fara sanin irin wurin da za ka shiga. Ya sha bamban da rumfar mai faci ta bakin titi, inda za ka kai keke, a gyara, ka biya, ka hau ka wuce. Mutane ne ke kawo kekunan da 'ya'yansu suka girme wa, ko waɗanda suka shekara da shekaru jingine a gareji har tayoyinsu suka tsage. Shagon ya gyara, ya sayar da wasu don biyan haya da albashin 'yan ma'aikatansa, sauran kuma ya bayar ga waɗanda ba su da halin saye. A garin da kake akwai babba daga cikin irinsu, Working Bikes, wanda aka fara a 1999 da tsinto kekuna daga wurin masu tara ƙarafa, kuma zuwa yau ya raba sama da kekuna 100,000 a gida da waje. A Bostan akwai Bikes Not Bombs, wanda tun 1984 ya soma da tura kekuna Nikaraguwa. Ka ga ashe sana'a ce mai tsari da ka'ida, wasu sun ƙarar da ƙuruciyarsu a kanta, kai kuma baƙo za ka shiga.

Ga abin da ya fi damuna. Wanda ya sayi keke da kuɗinsa, in birki ya ƙi ci, gobe da safe zai dawo da shi shago, ya ɗaga murya, a gyara masa. Uwar da aka bai wa ɗanta keke kyauta ba za ta dawo ba. Kunya za ta hana ta, ga shi wataƙila aiki biyu take yi a rana, ba ta da mota, ba ta kuma san yadda birki mai lafiya yake ba balle ta gane mara lafiya. Za ta yi godiya ta tafi, yaron ya hau ya gangara titin da motoci ke bi. Saboda haka babu wanda zai kama ka idan ka yi ha'inci a wannan aiki, kuma shi ya sa ya fi aikin kuɗi nauyi a wuyanka. Na sha ganin mutanen kirki suna sassauta hannu a kan abin sadaka, suna cewa ai da babu gara ba daɗi. A kan tsohuwar riga wannan magana tana iya wucewa. A kan keken da ɗan shekara shida zai hau, ba ta da wurin zama.

Ka san na yi yarintata a rumfar wani mai gyaran keke a Zariya kafin boko ya ɗauke ni, zamanin Raleigh da Phoenix masu birkin sanda. Maigidan namu, Allah ya jiƙansa, ba ya miƙa keke ga mai shi sai ya hau da kansa, ya je ƙarshen layi, ya taka da ƙarfi ya damƙe birki, ko da faci kawai aka kawo. Ɗabi'ar nan nake so ka ɗauka. Keken yaro ba zai ɗauke ka ba, amma hannunka zai iya yin gwajin. Ka tsaya a gaban keken, ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka, ka murɗa kan keken hagu da dama. In ya juya ya bar taya a tsaye, ba a ɗaure shi ba. Ka kama birkin gaba, ka tura keken gaba ka ja shi baya; in ka ji ƙwas-ƙwas a wuyansa, boris ya yi sako-sako. Ka ɗaga kowace taya ka wulwula ta, ka zuba ido a kan tazarar da ke tsakanin rim da robar birki, ka ga ko tana lilo. Robar birki kuma rim za ta kama, kada ta goga jikin taya, don in tana goga, wata rana za ta huda ta.

Kekunan yara na can suna da nasu hali, ka kula. Da girman taya ake gane su: inci 12, 16, 20, 24. Yawancin ƙananan birkinsu a feda yake, yaro ya taka baya keken ya tsaya. Daga cibiyar tayar baya akwai wani ɗan hannun ƙarfe da ake ɗaure wa a jikin firam da ƙaramin noti. Notin nan ƙarami ne ƙwarai, ido yana saurin tsallake shi, amma in ya kwance birkin ya tashi daga aiki. Duk keken da ya zo hannunka, ka durƙusa ka nemo shi, ka sa sifana ka tabbatar. Waɗanda ke da birkin hannu kuma, ka tuna tafin yaro bai kai rabin naka ba. Abin da kai za ka matse da yatsa biyu, shi yana iya kasa ko kaiwa gare shi. Akwai ɗan sukuru a jikin mariƙin da ke matso da shi kusa; ka tambaya a nuna maka. A Amurka hannun hagu ne ke riƙe birkin gaba, na dama na baya, kada ka sauya musu wayoyi. Za ka kuma riƙa cin karo da kekunan manyan kantuna da aka harhaɗa cikin gaggawa, har wani ka tarar an juya masa cokalin da ke riƙe tayar gaba, birki yana kallon baya. Ba a gyara komai a irin wannan sai an fara juyo shi daidai.

Feda ma tana da abin da ke kayar da sabon hannu. Ta dama ana ɗaure ta kamar kowane noti, ta hagu kuwa zarenta a juye yake, ta hagu ake murza ta ta ɗauru. Ka shafa ɗan giris, ka fara murzawa da yatsu har ta shiga da kanta, sannan ka ɗauko sifana. In ka ji tana turjewa tun farko, ka dakata, ka fitar, ka duba harafin da ke jikinta. Ƙarfi a nan ɓarna yake yi, zaren ya cinye, a rasa ƙarfen da shagon ba shi da kuɗin sayen sabo. A jikin sandar sirdi da ta kan keke akwai layin da aka zana, iyakar inda za a iya ɗago su ke nan, kada layin ya fito fili.

In kuma ka ga tsaga a jikin firam, ko cokali ya lanƙwashe alamar an taɓa karo da shi, kada tausayi ya sa ka rufa masa asiri, ko da fentinsa na sheƙi, ko da an ce kekuna sun yi kaɗan yara sun yi yawa. Ka nuna wa shugaban aiki. Za a kwance abin da ke da amfani a jikinsa, sauran a kai wa masu narka ƙarfe. Yaro ya jira mako biyu ya fi a ba shi abin da zai karye a ƙarƙashinsa.

To, ga maganar zama da mutane. Za ka shiga da digiri a gabanka, kuma mai yiwuwa wadda za ta koya maka aiki yarinya ce 'yar sakandare, ko wata dattijuwa mai furfura da baƙin mai a farce. Irin waɗannan shaguna da yawa suna da tsarin da matashi ke koyon gyara na wasu makonni, a ƙarshe ya tafi da keken da ya gyara da hannunsa, don haka yaran da ka gani a wurin sun san abin da suke yi. Ka saurara musu. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka murɗa. Duk sifanar da ka ɗauka ka mayar da ita ƙusarta, don a shagon da mutum goma ke aiki da kaya ɗaya, ɓatan sifana mai lamba 15 yana tsayar da kowa. A ranakun farko kada ka yi mamaki in aikinka bai wuce wanke firam, goge kaca, ware tayoyi da sharar ƙasa ba. Ka yi shi da fuska a sake. Kowa na son ranar rabo, masu son kankare tsatsa ne suka yi ƙaranci.

Akwai kuma abin da za ka kai musu daga gida. A can, in taya ta yi faci, galibi tiyub ɗin ake cirewa a sa sabo. Kai ka tashi kana kallon mai faci yana hura tiyub, yana nutsa shi cikin ruwa yana bin kumfa, ya goge wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska kafin ya manna. Shagon da ke rayuwa da gudummawa zai yi murna da mai wannan haƙuri. Kafin ka mayar da tiyub, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka zagayo, don sau da yawa ɓurɓushin kwalbar da ya yi ɓarnar yana nan maƙale, yana jiran sabon tiyub.

Ranar rabo ita ce nake so ka fi kiyayewa. Iyayen da za su zo, wasu ba su taɓa miƙa hannu ga kowa ba sai bana. Wasu sababbin zuwa ƙasar ne kamarka, Turancin ma bai zauna musu ba. Ka tarbe su yadda ɗan kasuwa ke tarbar babban mai ciniki. Ka durƙusa daidai tsawon yaron, ka tambaye shi wanne yake so in akwai zaɓi, ka ɗora shi a kai, ka daidaita sirdi har ƙafafunsa su taɓa ƙasa, ka sa ya gwada birki a gabanka sau biyu sau uku. In shagon na bayar da hular kwano, ka ɗaura masa da kanka, ta zauna a goshi, kada ta zame ƙeya. Ka nuna wa uwar lambar iskar da ke rubuce a gefen taya, ka kuma faɗa mata da bakinka cewa in wani abu ya kwance ta dawo da shi, ba za a karɓi ko sisi ba, in dai haka tsarin shagon yake. Ka maimaita mata, don ta yarda da gaske kake. Wayarka kuma ta zauna a aljihu. Ɗan wani da aka taimaka wa ba abin ɗorawa a Facebook ko WhatsApp ba ne, ko da nufinka ka nuna mana a gida cewa kana aikin alheri. Mun yarda da kai ba sai da hoto ba.

Na san wani zai ce maka me ya haɗa ɗan Musulmi da hidimar Kirsimeti. Kai keke za ka gyara wa ɗan maƙwabci, haƙƙin maƙwabci kuwa bai tambayi addininsa ba. Ka tuna yadda kake kwana ba barci daren jajibirin Sallah saboda ɗokin sabon takalmi. Yaran can ma haka suke ji da lokacin bikinsu, kuma cikin waɗanda za su karɓa ba za a rasa 'ya'yan Musulmi 'yan gudun hijira ba. Ibadarka tana hannunka. A Disamba azahar, la'asar da magariba suna bin juna kusa da kusa, duk za su iya faɗowa cikin yini ɗaya na aiki. Tun ranar farko ka gaya wa shugaban aiki cewa za ka riƙa ɗan janyewa na mintoci, ka nemi lungu mai tsabta, ka ajiye sabulu don baƙin mai kafin alwala. In an kawo abinci ka tambayi abin da ke ciki cikin ladabi, ba tare da yatsina fuska ba.

Abu ɗaya na hukuma kada ka yi wasa da shi. Takardar zamanka ta ɗalibi ce, tana da iyaka kan aikin da za ka yi a wajen makaranta. Wasu shagunan sukan saka wa mai aikin sa-kai da kayan gyara ko keke gwargwadon awoyinsa. Kafin ka karɓi komai, kai kafin ma ka fara zuwa, ka leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ka bayyana musu, su faɗa maka abin da ya halatta.

Sannan ina roƙonka kada zuwanka ya ƙare da ƙarewar biki. A Disamba shago cike yake da masu taimako, a Janairu sai ka ga an watse, alhali lokacin ne masu zuwa aiki a kan keke cikin dusar ƙanƙara suka fi bukata, saboda gishirin da ake watsa wa tituna yana cin kaca da wayar birki. Ko yini ɗaya a mako ne, in karatu ya bari, ka ci gaba. Ka kuma nemi ranar da Working Bikes ke lodin kwantena ka je. Za ka ga yadda ake cire feda, a juya kan keke ya kwanta, a sauke sirdi, har kekuna wajen 500 su shiga kwantena guda. Wasunsu Gana suke nufa, wurin Village Bicycle Project, wadda ita ma tun 1999 take kai kekuna ƙauyuka tana koya wa masu karɓa gyara, daga baya ta ƙara da Saliyo. Idan an ba ka fedoji ka ɗaure a jikin firam, ka tabbata hagu da dama ne ka haɗa, don wanda zai kwance su yana wani ƙauye ne da ba lallai a sami shagon kayan keke kusa ba.

Ka nemi safar hannu da takalmi mai rufin ƙafa, ka ware tsohon wando na aikin, don baƙin man kaca ba ya fita. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci mai ɗumi kafin ka fita. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Baffanka.