Sabulu na gida: a shirya kaya tun kafin ranar aiki

Ƴan'uwa mata na Madawa, Buza da Keita, wannan darasi naku ne. Da yawa cikinku kun iya haɗa sabulu da mai da soda. Amma sau nawa sabulun yake ƙin daskarewa, ko ya fito yana cin hannu? Galibi matsalar gaggawa ce. An tashi da safe, ana neman mai, ana aron ma'auni, an jiƙa soda an zuba ta da zafinta. Kuɗin ƙungiya ya tafi a banza.

Mu fara da mai, don shi ne mai ɗaukar lokaci. Man gyaɗa ana sayen shi a kasuwa, kuma ya fi araha bayan kaka. Wadda ta saya a lokacin ta rufe shi da kyau a inuwa, ta rage tsada. Akwai kuma man da ba a saye. Tun shekarar 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska. Ƴaƴansa suna da mai, kuma man yana yin sabulu. Amma ku sani: in da hannu za a matse, lita 1 tana cin wajen kilo 7 zuwa 10 na ƙwaya. Sai an tsinto, an wanke, an shanya a inuwa, an ɓare, an daka. Wannan aikin makonni ne. Haka ma man aduwa. A tace man da ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya kwanta.

Man gyaɗa shi kaɗai sabulunsa laushi gare shi. In an sa kitsen saniya ko na rago, zai yi tauri. A narkar da kitsen kwana 2 kafin aiki, a tace, a zubar da dusar.

Ga awo: mai lita 8, soda kilo 1, ruwa lita 2 da rabi. In an sa kitse, a auna shi a narke, cikin lita 8 ɗin nan. Kada a auna soda da ido ko da gwangwani. A je wurin mai sikeli a auna, a ɗaure kowane kilo a leda dabam, domin soda tana shan raɓa in an bar ta a buɗe.

Jiƙa soda kuwa aikin jajibiri ne. A zuba ruwa a bokitin roba mai kauri, sannan a riƙa zuba soda kaɗan-kaɗan ana motsawa da doguwar sanda. Soda ce ake zubawa cikin ruwa. Kada a taɓa zuba ruwa a kan soda, zai iya tafasa ya fantsama a fuska. Ruwan zai yi zafi ƙwarai ba tare da wuta ba, shi ya sa ake barin shi ya kwana ya huce. A yi wannan a fili inda iska ke wucewa, a sa safar roba a hannu, a kau da fuska daga tururin. Tukunyar dalma ba ta aikin nan, soda tana cinye ta.

Nan ne babban hatsari, ku saurara da kyau. Ruwan soda in ya kwanta kamar ruwan sha yake. Yaro mai ƙishirwa ba zai bambanta ba, kuma kurɓa ɗaya tana ƙona maƙogwaro har yaro ya kasa haɗiyar abinci. Bokitin ya kwana a rufe, cikin ɗaki mai makulli, makullin a hannun mace guda da ƙungiya ta zaɓa. A rubuta SODA a jikinsa, tun da yanzu kun iya rubutu. Kada a ɗura shi a kwalbar lemo ko a buta. In ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, ya kai minti 15. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti nan take.

Daren nan kuma a tanadi akwatin zubi. Na katako ya isa, a shimfiɗa leda a ciki. A aje muciyar da ba ta tuwo ba, da wuƙa ko zaren yanka.

Da safe abin da ya rage kaɗan ne. Mai da ruwan soda su kasance da ɗumi ɗaya, kusan na jiki. A tsiyaya ruwan soda cikin mai a hankali, ana tuƙawa ba tsayawa, har ya yi kauri kamar kunu, muciya tana barin sawu a kansa. A juye a akwati, a rufe. Bayan kwana 1 ko 2 a yanka. A jera a inuwa mako 4 kafin a yi wanka da shi ko a kai kasuwa. Saboda haka mai son sayarwa da Salla, sai ta ƙirga makonninta baya tun yanzu.

Lissafi don makaranta: ƙungiyarku tana da mai lita 4 kawai. Soda giram nawa za ku auna, ruwa kuma lita nawa? Ku rubuta amsa a littafinku, ku nuna wa malami.