Darasin Wannan Wata: Fofo da Ƙawarta Odarley

A wannan wata mun ɗauki littafin Faceless, wanda marubuciyar Gana Amma Darko ta fitar a 2003. Labarin ya faru ne a Akara, a kasuwar Agbogbloshie da ba ta da nisa da Makola, inda 'yan mata da yawa daga Nima da Maamobi da arewacin ƙasar ke dako. Ko sunan da ake kiransu da shi, kayayei, daga kalmarmu ta "kaya" ya samo tushe.

Labarin a taƙaice

Fofo 'yar shekara 14 ce, a bakin titi take kwana. Wani dare Poison, ƙasurgumin da yaran titi ke tsoro, ya far mata, ta kuɓuta da ƙyar. Wurin ƙawarta Odarley ta fara gudu, ita ce kuma ta raka ta wajen mahaifiyarta. Daga baya aka gano gawar da aka tsinta a bayan wani shago ta yayarta ce, Baby T. Gaskiya ba ta fito ba sai da Kabria, ma'aikaciyar wata ƙungiya, ta zauna ta saurari Fofo.

Abin da muka koya

Yaron da ake zalunta yakan fara faɗa wa abokinsa kafin iyaye su ji. Saboda haka mu san abokan 'ya'yanmu, mu sakar musu fuska.

Shi kansa Poison dukan mijin uwarsa ne ya kore shi daga gida yana ƙarami. Wannan bai wanke shi ba, amma ya nuna mana abin da yaro ya sha ba ya mantawa. Yaranmu sun ga gudun hijira. Wani zai yi shiru, wani kuma zai huce a kan na ƙasa da shi a layin ruwa ko a makaranta.

Abin yi

Idan yaro ya ƙi zuwa makaranta, ko ya dawo da riga a yage, mu tambaye shi a keɓe, kada mu ce wasan yara ne. In abin ya yi tsanani, mu kai wa jami'in kula da yara na sansani ko sashen DOVVSU na 'yan sanda.

Tambayar tattaunawa a gida: wace ce Odarley ɗin 'yarki, kin san sunanta?