Amsoshin Tambayoyinku: Wane Fata Ake Yi wa Kano Pillars?

Wani mai sauraronmu daga Wudil ya aiko da gaisuwa, yana tambaya ko Kano Pillars za ta iya ɗaukar kofin gasar Nijeriya a kaka mai zuwa.

To, malam, mun gode. Gaibu dai sai Allah, amma wanda ya yi nazarin tarihin wannan ƙungiya, wadda ta ɗauki kofin sau huɗu, uku daga ciki a jere daga 2012 zuwa 2014, sa'an nan ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022 kafin ta dawo, zai fahimci cewa galabarta tana rataye ne bisa sharaɗi biyu. Na farko wasa a gida, a filin Sani Abacha, domin duk lokacin da hukumar gasar ta hukunta Pillars saboda tarzomar 'yan kallo, ta kai wasanninta wani gari, ƙarfinta raguwa yake yi. Saboda haka ladabin magoya baya, ina maimaitawa, ladabin magoya baya, wajibi ne. Na biyu kuwa samo maki a waje, tare da biyan 'yan wasa haƙƙinsu a kan kari. In waɗannan suka tabbata, a ra'ayina, Masu Gida, wato Pillars, suna cikin masu neman kofi.