Karatun 'Ya'yan Makiyaya

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so mu duba sha'anin 'ya'yan Filani da Shuwa na ƙasar Barno. Cikin 1989 Gwamnati ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya, aka kuwa ɗora wa Jami'ar Maiduguri horon malamansu. Amma ga inda wuyar take. Yaron da ke fita kiwo tun hantsi ba shi iya zaman aji irin namu, da rani kuma iyayensa kan tashi zuwa bakin Tafkin Cadi neman ciyawa. A ganina malami ne ya kamata ya bi ruga da allonsa, ya koyar da sassafe kafin a saki shanu, cikin harshen yaron, watau Filatanci ko Larabcin Shuwa. To, wa zai yarda a tura shi cikinmu?