Makwancin jinjiri a gefen gadon uwa: yadda ake zaɓensa da yadda ake aiki da shi

Jinjiri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 tsakanin safiyar yau da ta gobe, kuma kaso mai yawa na wannan shan cikin dare yake faɗowa. Da dare ne jikin uwa ya fi samar da sinadarin da ke kawo ruwan nono, shi ya sa macen da ke shayarwa da dare nononta ba ya saurin ja baya. Saboda haka wurin da jinjiri yake kwana magana ce ta abinci. In ya yi nisa da uwarsa, ba za ta ji motsinsa da tsotsar hannunsa ba sai ya ɓarke da kuka, shan dare ya ragu, daga nan a fara cewa nono bai ishe shi ba, a kawo ruwa ko bauri tun bai cika wata 6 ba. Ta wannan ƙofa tamowa take shiga gidaje da yawa. In kuma ya kwana a tsakiyar manya, cikin barguna, numfashinsa ne ke cikin haɗari.

Abin da ake nema yana tsakanin waɗannan biyu: jinjiri ya kwana inda hannun uwarsa zai kai gare shi ba tare da ta miƙe tsaye ba, amma a kan shimfiɗarsa shi kaɗai, daga ranar haihuwa har ya cika wata 6.

A manyan kasuwannin Yamai da Maraɗi ana iya cin karo da ƙaramin gadon jarirai wanda ake sauke gefensa ɗaya a manna shi da gadon uwa, sabo ko na gwanjo. Mai hali ta saya, amma kada wadda ba ta da shi ta ɗauka an bar ta a baya. Kafinta ko mai walda na unguwa zai iya haɗa irinsa in an gaya masa awon da ya dace. A ƙasar Finlan, tun shekarar 1938 gwamnati take ba masu ciki kayan haihuwa cikin akwatin kwali, kuma jarirai da yawa a cikin akwatin nan suka yi barcinsu na farko. Tsadar gado ba ita ke tsare yaro ba, siffarsa ce.

Abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Fara da shimfiɗar. Ki danna ta da tafin hannu: in hannunki ya nutse, ko sawunsa ya zauna bayan kin ɗaga, ta yi laushi da yawa. Wuyan jinjiri ba shi da ƙarfin da zai ɗaga kansa in fuskarsa ta shige cikin soso. Katifar ta zama siririya, mai tauri, a miƙe, ba tudu ba gangare, kuma ta cika gadon ta kowane gefe. In yatsu fiye da biyu suna shiga tsakanin katifa da jikin gado, a yanko wata. Gadon da aka ɗaga wajen kansa, da kujerar jijjiga yara, ba wurin barci ba ne, domin haɓar jinjiri takan faɗo kan ƙirjinsa ta matse hanyar iska.

Sandunan gefe kada tazararsu ta wuce santimita 6. In ta wuce, jikin yaro yana iya zamewa ta tsakani kansa ya maƙale. Wannan awon shi ne abin da za a nanata wa kafinta, don sau da yawa yakan buɗa tazarar saboda tattalin katako. A shafa hannu a kowane lungu a ji ko akwai ƙusa, tsinin walda ko sartse. Tsohon gadon ƙarfe mai fentin da ke ɓarewa a bar shi, domin wasu fenti suna ɗauke da dalma, kuma yaro zai kai baki gare shi.

Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne mahaɗar gadajen biyu. Dole a ɗaure ƙaramin gadon da na uwa, da maɗaurinsa ko da igiya mai ƙarfi ta ƙarƙashi, yadda ko an ture shi ba zai matsa ba. Katifar jinjiri kada ta fi ta uwa tsawo, kuma kada a bar rami tsakaninsu. Ramin da ido ya raina da rana shi ne yaro ke gangarawa ciki da dare. Ba a cike shi da tsumma ko matashi; in ya ƙi rufuwa, a ɗaga gefen gadon a mayar da shi gado mai zaman kansa a jingine da na uwa. Igiya tana sakin jiki, don haka a riƙa jijjiga gadon kowane maraice kafin a kwanta.

A gidan da uwa ke kwana bisa tabarma, al'amarin ya fi sauƙi. Tabarma mai tauri ce, kuma ba inda yaro zai faɗo. A yi masa tasa ƙaramar shimfiɗa a gefenta, da zane guda a miƙe, nesa da bango da tulin kaya inda kunama da cinnaka ke fakewa.

Yadda ake kwantar da shi

A rigingine, kowane barci, dare da rana. Kakanni da yawa sun fi son rub da ciki ko gefe, suna tsoron kada tumbuɗi ya shaƙe yaro. Tsoron yana da dalili, amma halittar maƙogwaro ta amsa shi: in yaro yana rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, abin da ya taso yakan koma inda ya fito. A Ingila a 1991, da Amurka a 1994, an yi gangamin kwantar da jarirai a rigingine, kuma yawan jariran da ke mutuwa farat ɗaya cikin barci ya ragu da fiye da rabi. Irin wannan mutuwa ta fi aukuwa tsakanin wata 2 da wata 4, wato lokacin da jego ya ƙare, masu taya uwa sun koma gidajensu, gajiya ta taru mata.

Cikin gadon kuwa, yaro da shimfiɗarsa kawai. Ba matashi, ba abin wasa, ba zaren da ke kewaye wuya.

Lokacin ɗari ne aka fi yin kuskure, kuma don ƙauna ake yin sa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, daren Tawa da Damagaram yana da sanyi na gaske, sai a lulluɓe jinjiri da bargon manya har kai, a shigo da kaskon gawayi, a rufe ƙofa da taga. Bargo mai nauyi yana rufe hanci, gawayin da ke ci a ɗaki rufaffe kuma yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. A ƙara wa yaro riga da safa a jikinsa, zanen rufa ya tsaya a ƙirji, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, a fitar da kasko kafin barci. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa: ɗumi ake so, ba gumi ba. Hayaƙin taba ba ya shiga ɗakin jinjiri ko kaɗan, turaren wuta ma a yi shi lokacin da yaro yake waje.

Sange bai da hutu, damina ko rani. Maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake rabawa gida gida da damina sai yaro ya kai wata 3 ake fara ba shi, don haka kafin nan sange mai magani shi ne garkuwarsa. Ƙaramin gado a gefe yakan ɗage bakin sangen uwa ya buɗe wa sauro hanya. A rataye sangen yadda zai rufe gadajen biyu tare, a cusa bakinsa ko'ina, a ja shi ya miƙe don kada ya sauko kan fuskar yaro ko hannunsa ya jingina da shi.

Ga masu faɗakarwa na gari

Kun sani, mu ma mun sani, uwa za ta ɗauko yaro ta ba shi nono a kwance, wani lokaci barci ya sace ta. Faɗa ba zai hana wannan ba, sai dai ya sa ta ɓoye muku. Abin da ya fi shi ne ku taya ta shirya gadonta tun da rana: a kawar da matasai da barguna daga gefen da take shayarwa, yayan jinjiri ya koma wata shimfiɗa, kuma da ta farka ta mayar da shi wurinsa. Akwai dare da bai kamata a haɗa shimfiɗa ba sam: in ta sha magani mai sa barci, in zazzaɓi ya kayar da ita, ko in mai shan taba ne ke kwana a gadon. Bakwaini da wanda aka haifa ƙasa da kilo 2 da rabi sun fi kowa rauni. Su ana ɗora su fata da fata a ƙirjin uwa yadda ungozomar likita ta nuna, kuma in an sauke su, a rigingine ne bisa shimfiɗarsu.

A ziyarar kwana na 3 da ta mako na biyu, ku nemi izini ku ga makwancin da idonku, kuma ku jawo kaka da maigida cikin zancen, tun da sau da yawa su ke yanke shawarar ɗaki. In kun tarar da jinjirin da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi sau 60 ko fiye a minti guda, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, a kai shi likita a ranar, ba a jira wayewar gari.

Ƙaramin gadon gefe yana da wa'adi. Ranar da yaro ya fara juyawa da kansa, ko yana dafa hannu yana ɗaga ƙirji, wanda yakan zo wajen wata 5 zuwa 6, gefen da aka sauke ba zai tare shi ba. A ɗaga gefen a kulle, ko a mayar da shi shimfiɗa mai faɗi a ƙasa, cikin sange, kusa da uwarsa.