Turken Bijirewa a Waƙoƙin Reinhard Mey da Aminu Ala

Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi yadda mawaƙi ke faɗin abin da ya yi imani da shi a lokacin da hukuma ko jama'a suke son ya bi sahu. An ɗora nazarin a kan ra'in turke, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa shi a fagen nazarin waƙar baka. An zaɓi mawaƙa biyu: Reinhard Mey na ƙasar Jamus, da Aminu Ladan Abubakar (Ala) na Kano.

Muryar uba a waƙar Mey

An haifi Mey a birnin Balin a shekarar 1942. A 1986 ya fitar da waƙar "Nein, meine Söhne geb' ich nicht", lokacin da aikin soja ya zama dole a kan samari a Jamus ta Yamma. Mey bai shigo waƙar da rigar ɗan siyasa ba. Uba ne yake magana, yana tuna wahalar reno, yana kuma shaida wa hukuma cewa ba zai miƙa 'ya'yansa ga yaƙi ba. Turken waƙar shi ne ƙin yaƙi, amma tubalin da ya riƙe shi haƙƙin mahaifi ne, wanda yake da wuyar musantawa.

Muryar mai addu'a a waƙar Ala

Harkar waƙar zamani a Kano ta yi cibiya a situdiyoyin Titin Gidan Zu, wanda ya taso daga shataletalen Dangi, daura da Gyadi-Gyadi ta ƙaramar hukumar Tarauni. A 2009 dangantaka ta yi tsami tsakanin mawaƙa da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano. A shekarar ne aka haramta wasu waƙoƙi goma sha ɗaya, ciki har da "Hasbunallahu", aka kuma tsare Ala. Waƙar ba ta ambaci sunan kowa ba. Kai kuka ce ga Allah a kan azzalumi. Mai sauraro ne yake cike gurbin sunan da kansa, kuma a nan ƙarfinta yake.

Kammalawa

Mawaƙan biyu sun tsaya a matsayin da al'ummarsu ke girmamawa, ɗaya a matsayin uba, ɗaya a matsayin bawan Allah mai roƙo, suka faɗi abin da zai yi nauyi a bakin wani. Saboda haka ɗalibin nazarin waƙa ya fara da tambayoyi biyu kafin ya fitar da turke: wa yake magana a cikin waƙar, kuma wane hali ƙasa take ciki ranar da aka rera ta? Wanda ya tsallake su zai ɗauki waƙar Mey a matsayin begen 'ya'ya kawai, ta Ala kuma addu'a kawai.